Bugun da Kowa Ya Ji

Ranar Talata, ana shirin kiran azahar, wata mai tallan fura ta tsinci Baba Sammani a lungun da ke bayan benen Alhaji Ikrima a Fagge. Ƙugunsa ya karye, kansa ya fashe, yana numfashi amma ba ya magana. A saitinsa wata wayar sola mai kauri ta sauko daga saman bene tana reto, a tsinke. Da aka hau sama sai aka tarar da filaya mai jan mariƙi, an rubuta sunan mai ita da fenti: Obinna.

Kafin la'asar unguwa ta gama shari'a. Wai Obinna, wanda ya haɗa wa benen sola bara, ya dawo satar wayar da ya ɗaura da hannunsa, tsohon ya kama shi, shi kuma ya hankaɗo shi ƙasa. Mutum bakwai a gidan suka rantse sun ji shi yana buge-buge a sama kusan awa guda. 'Yan sanda suka ɗauke shi daga shagonsa na Sabon Gari kafin samarin unguwa su isa, kuma na gode wa Allah da suka riga su.

Ni ban ji komai ba sai Laraba da safe. Ba na zaman majalisa, kuma ba ni da wanda zai kawo mini labari gida. Sunana Hambali, ina zaune a Kwaciri ni kaɗai tun da matata Ruwaida ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yata ɗaya tana aure a Maiduguri, muna gaisawa a waya ranar salla. Mahaifina mai bin sawun shanun sata ne a ƙasar Gubio kafin ya dawo da mu Kano. Ni kuwa zafi nake bi. Ina da kyamara wadda ba ta ɗaukar fuska, zafi take ɗauka, da ita nake gano ciwon da ke ɓoye cikin faifan sola. Aikin ya dace da ni, don faifai ba ya surutu.

Ina shan shayi aka yi sallama. Monica ce, matar Obinna, idanunta sun kumbura.

“Malam Hambali, Litinin za su kai shi kotu. An ce in tsohon ya cika, kisan kai ne.”

“Maman Chidinma, ni ba lauya ba ne.”

“Lauya bai san saman benen nan ba, kai ka sani. Obinna ya ce in zo wurinka. Ya ce kana da baƙar zuciya amma ba ka ƙarya.”

Na ajiye kofin. Shekara goma sha biyar muna haɗuwa da mutumin nan a saman gine-ginen Kano, shi yana ɗaurawa ni ina dubawa, muna faɗa a kan kowace waya. In ban da shi, babu mai kirana a waya ya tambaye ni ko na ci abinci. Na ɗauki jakata.

* * *

A ofishin 'yan sanda, sufeton da ke binciken ya ba ni minti biyar. Obinna yana zaune a ƙasa ba takalmi. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi.

“Ina kake ranar Talata da hantsi?”

“A saman wani kango a Rijiyar Lemo, ina awo. Ni kaɗai.”

“Ba wanda ya gan ka?”

“Malam, aikinmu wa yake ganinmu? Ai mutane ba sa ɗaga kai.”

“Filayar fa?”

“Tun watan jiya na manta ta a can, da na je ɗaure wani noti. Har na sayi wata.” Ya ɗago kai ya ce, “Tsohon nan kullum in na je sai ya ba ni goro. Ni zan ture shi?”

Na ce masa ya ci abincin da matarsa ta kawo, ya daina yi mini kallon maraya. A bakin ƙofa sufeton ya tare ni ya ce shi ba ya wasa da shaidu bakwai. Na ce ni ma ba wasa ya kawo ni ba.

* * *

Na san benen. Hawa biyu ne, gidan haya, Kanawa da 'yan Borno da 'yan Kudu duk a ciki, kowa da kwaɗonsa a ƙofa. Wata uku da suka wuce Alhaji Ikrima ya kira ni saboda wuta ta ragu. Na haska na ga wani yana taka faya-fayan, na rubuta masa a takarda cewa a sa wa ƙofar sama kwaɗo. Na karɓi sallamata na tafi.

Na same shi a shagonsa na ƙasa yana jan carbi da ƙarfi.

“Alhaji, an ce ka daɗe kana son ɗakin Baba Sammani.”

Fuskarsa ta canja. “Wa ya ce? To, ina so, zan mayar da shi sito. Amma shekara ashirin yana gidan nan, tun zamanin mahaifina, ka taɓa jin na ɗaga masa murya? Ranar Talata ma ina Zariya ta'aziyya, mota guda muka tafi da mai unguwa.”

“Makullin sama fa?”

“Na bai wa Abdulhafiz ɗan Baba Sammani, shi ke kula da gidan. Da safe ya buɗe wa mata su yi shanya, sha ɗaya ya kulle. Ai shawararka ce.”

Na ce haka ne, shawarata ce.

Philomena tela ce a hawa na ɗaya, kekunan ɗinki uku duk a kan solar nan suke. An shaida mini ta taɓa cewa duk wanda ta kama yana taka faifan sai ta wurgo shi ƙasa. Da na maimaita mata sai ta cire allura daga bakinta.

“Na faɗa, a tsakar gida ma na faɗa, kowa ya ji. Ni da bakina haka nake, Malam. Amma dube ni da kyau, matakalar nan ma sai na huta sau biyu.”

“Kin ji bugun?”

“Har cikin haƙorina na ji shi. Sau uku, ya tsaya, sau uku, ya tsaya. Na ce wannan Obinna ya zo yau da sabon salo. Har na ƙara wa rediyo murya.”

“Ba ki leƙa ba?”

“In leƙa in ga me? Kuma ai sha ɗaya ta wuce, an kulle. Wannan Abdulhafiz ba ya ɗaga ƙafa. Ranar Litinin ma atamfar wata mata a sama ta kwana saboda na makara da minti biyar.”

Na tambaye ta in an kulle, ta ina Obinna ya hau. Ta ce ai masu wuta da tsaninsu suke yawo, kuma ita ba ta san ƙofar a buɗe take ba sai da aka faɗa daga baya.

Abdulhafiz yana da firiza huɗu a ƙasan matakala, yana sayar da ƙanƙara. Saurayi ne da bai wuce talatin da biyar ba, dogo, ga ladabi. Daga asibiti ya dawo, rigarsa ta yamutse.

“Sannu, ya jikin Baba?”

“Da sauƙi za a ce, Malam. Bai buɗe ido ba.”

“Kai ka fara hawa sama?”

“Ni ne. Na dawo daga kai kaya kasuwar Kwari na tarar da mutane a lungu. Na ruga sama, ƙofa a buɗe, ga filaya a ƙasa.”

“Ba ka kulle ba ranar?”

“Kwaɗon ya ɓata, ya kai sati biyu.”

Na gyaɗa kai na wuce. Mahaifina ya koya mini in ka ga sawu ya karkace kada ka yi ihu, ka ci gaba da tafiya.

Matarsa Falmata na same ta a hawa na biyu, ɗakinsu ne na ƙarshe kusa da matakalar sama. Ta tsaya a bayan labule muka gaisa da Barbarci, abin da na daɗe ban yi da kowa ba. Ta ce ta ji bugun, a kan kanta ma yake, tana dama wa jaririnta kunu ƙura tana zubowa daga silin. Ta ɗauka mai sola ne.

“Me Baba yake yi a sama kullum?”

“Zama kawai. Wajen tasha yake kallo. Ai a jirgin ƙasa ya yi aiki shekara talatin, shi ne mai bin ƙafafun jirgi da guduma yana bugawa, in da tsaga ya ji a kunnensa. Tun da Inna matarsa ta rasu ba ya magana da kowa sosai. Mu ma, Allah ya yafe mana, hidima ta yi yawa.”

Na roƙe ta ta nuna mini sandarsa. Ta miƙo ta gefen labule, ta ce a sama aka tsince ta. Sanda ce ta ƙarfe irin ta asibiti, da baƙar roba a ƙasanta. Robar ta dare gida biyu, kuma darewar sabuwa ce.

* * *

Alhamis da sha ɗaya da rabi na hau saman ni kaɗai. Wannan aiki ba a yin sa da sanyin safiya, ba a yin sa da yamma. Sai rana ta take, faifai yana aiki yana tura wuta, sannan ciwonsa ke fitowa. Watan Afrilu ne, simintin yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi.

Na fara da wayar da ta tsinke, wadda ke bin bangon baya ta sauka ɗakin batir. Ba yankan filaya ba ne, zaren tagullar ya miƙe ya sirance kafin ya rabu, nauyi ne ya ja shi. Amma na san abin da sufeto zai ce, ɓarawo ma yana fizga. Na kashe komai, na haɗa wayar, na kunna, na zauna a inuwar tanki na ba shi minti ashirin ya ɗau zafi.

Faifai goma sha shida ne, jeri biyu, a kan gajeren ƙarfe da aka ɗaure da simintin rufin, daga wannan bango zuwa wancan. Obinna bai bar hanya ba, ko ta kyanwa. Kowane faifai an raba shi ƙananan gidaje, kuma in lafiyarsa ƙalau, a kyamarata launi ɗaya yake fitowa, shuɗi-shuɗi bai ɗaya. Gidan da ya tsage a ciki kuwa, wuta ba ta wucewa ta cikinsa da sauƙi, sai ya yi ta ɗaukar zafi, ya fito ja, in ya yi tsanani ya koma fari. Ido ba ya ganin komai, gilashi yana nan sumul. Ba a tsayawa saiti da shi kuma, sai a kaikaice, in ba haka ba zafin jikinka za ka ɗauka ka ce ka gano laifi.

Na bi jerin a hankali. Ga sawun da na sani tun wata uku, jajayen gidaje a jere sun ratsa faifai biyu, daga wajen ƙofa zuwa kusurwar gabas. Na fito da tsohon hoton a wayata na gwada. Hanya ɗaya ce, sai dai ta ƙara nuna. Na zagaya ta kan ƙarfe na je kusurwar. Wani tsohon turmi ne a kife, samansa ya yi santsi don zama, da gwangwanin goro a ƙarƙashinsa. Na zauna a kai. Daga nan ana hango rufin tasha da layin dogo ya miƙe yana ƙyalli, da wasu taragai da ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Wannan wuri nasa ne tun kafin a san wani abu wai shi sola, mu muka zo muka tare masa hanya.

Babu sawun kokawa ko'ina. In ƙarti biyu suka yi dambe a kan faifai, ai kyamarar ma sai ta ji kunya. Na fara tunanin rana ta ƙone ni a banza.

Sai na juya kan faifai na ƙarshe, wanda ke can kusa da matakala, amma ba a kan hanyar tsohon ba. A hoton wata uku shi ne ya fi kowanne lafiya. Yanzu kuwa gefensa ɗaya ya yi fari fat, gidaje tara manne da juna, duk a bakin ƙarfe. Ƙafa ba ta yin haka. Ƙanƙarar sama ba ta zaɓar wuri ɗaya, balle ma ba a yi ruwa ba. Na ajiye kyamarar na durƙusa na kwantar da kaina daidai gilashin. A cikin ƙurar da ta kwanta a kai akwai zagaye-zagaye ƙanana kamar bakin kwalba, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙirga talatin na daina. Na farkon cikakku ne, na baya kuma kowanne da tsaga a tsakiyarsa.

Na auna taku daga bango. Ɗakin Falmata ne a ƙarƙashina.

Na daɗe a durƙushe, gwiwata tana ƙuna ban ji ba. Tsoro ne ya kama ni, da wani baƙin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba.

* * *

Na ce wa sufeto da mai unguwa ba zan yi bayani a ofis ba, sai a sama, kuma sai sha biyun rana. Ranar Asabar suka hau suna tsaki: su biyu, da Alhaji Ikrima, da Philomena tana haki, da Abdulhafiz, da Falmata da goyonta, da Monica. Da na ga kowa ya fito sai na ja ƙofar na rufe.

Minti biyar ba a yi ba Alhaji ya fara share wuya da hularsa. “Malam Hambali, a taƙaita mana, wannan rana ai sai ta kashe mutum.”

“Za ta iya, Alhaji. Ku ɗan ƙara haƙuri.”

Na miƙa wa sufeto kyamarar na nuna masa inda zai tsaya. Na nuna masa sawun tsohon zuwa turminsa, na nuna masa hoton wata uku. Sannan na kai shi faifai na ƙarshe.

“Wannan farin fa?” ya ce.

“Shi ne bugun da shaidunka bakwai suka ji.”

Na karɓi sandar daga hannun Falmata na ɗora bakinta a kan ƙura kusa da sauran tabon. Na ɗaga. Zagaye ne da tsaga a tsakiya, ba bambanci. Sannan na bugi gefen ƙarfen sau uku, na tsaya, na ƙara uku. Ƙarar ta bi simintin, har muka ji wata mata a ƙasa tana tambayar wa ke can.

Philomena ta dafe ƙirji. “Shi ne. Wallahi shi ne.”

“Mai haɗa sola ba ya dukan gilashi,” na ce, “ko mahaukaci ne, don ya san abin da ke ciki. Kuma ɓarawo ba ya awa guda yana sanar da gida cewa ya zo. Wanda ya yi bugun nan so yake a ji shi. Ƙofar can katako ce mai kauri, ba ta amo. Baba kuwa ya yi shekara talatin yana magana da ƙarfe, ya san in ya bugi wannan, gidan duka zai ɗauka. Sai ya zaɓi wanda ke kan ɗakin ɗansa. Ƙarfen yake nufi, amma da rana ta ci ƙarfinsa hannu ya riƙa kaucewa yana samun gilashi. Ya buga har robar ta dare. Kowa ya ji, ba wanda ya hau. Da ya ga zai mutu a nan sai ya kama wayar can ya ce bari ya sauka. Ta kai shi rabi ta tsinke.”

Mai unguwa ya ce, “To me ya hana shi bin matakala?”

“Abin da ya hana atamfar da Philomena ta shanya sauka ranar Litinin. Kwaɗo.” Na juya. “Abdulhafiz, ka ce ya ɓata sati biyu.”

“Ya ɓata.” Ya kau da kai. “Wataƙila wani ne ya tsince shi ya...”

Bai ƙarasa ba. Falmata ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani kwaɗo mai ruwan tagulla da makullinsa a jiki, ta sunkuya ta ajiye a kan siminti tsakaninmu. Ba ta kalli mijinta ba.

“A aljihun rigarsa ta ranar Talata na gani, da zan yi wanki,” ta ce. “Kwana uku ina ɗauke da shi. Ni ce a ƙarƙashin bugun nan, Yallaɓai. Ni yake kira.” Sai ta fashe da kuka, jaririn ma ya kama.

Abdulhafiz ya zauna a ƙasa, a kan simintin da ba ya takuwa. Ya yi magana kansa a sunkuye.

“Na gan shi a kan turmi. Na ce Baba taso zan kulle, bai ko waiwayo ba. Kullum sai na roƙe shi, kullum sai ya taka, ƙanƙarata tana narkewa, mutanen gida suna zagina a kansa. Na ce yau dai bari ya ɗanɗana, minti goma in dawo in buɗe. Sai aka kira ni a waya, mai mota yana jira a Kwari. Na tafi.” Ya dafe kansa. “Na manta da shi, Malam. Ban tuna ba sai da na ga taro a lungu. Ubana, na manta da shi.”

“Filayar fa?” in ji sufeto.

“A bayan tanki take tun tuni. Da na buɗe ƙofa na gan ta, sai na ɗauko na jefar a fili.”

Monica ta dube shi kawai, ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan ta je ta buɗe ƙofar da kanta ta sauka.

Alhaji Ikrima ya fara salati yana cewa 'ya'yan zamani. Raina ya ɓaci.

“Alhaji, dakata. Kwaɗon nan ni na rubuta a saya. Wata uku da suka wuce na tsaya a nan na ga sawun mutum yana zuwa wuri ɗaya kullum, ban tambayi ko wane ne ba, ban tambayi me yake nema ba. Mahaifina in ya bi sawun saniya sai ya san ko ƙishirwa ce ta kore ta. Ni na ga na ɗan Adam na ce a kulle.”

Sufeto ya ɗauki kwaɗon da hankici ya ce wa Abdulhafiz ya tashi.

* * *

An saki Obinna da yammacin ranar. Samarin da suka so ƙona masa shago ba wanda ya je ba shi haƙuri, sai dai suka koma gaishe shi da ƙarfi fiye da da.

Baba Sammani ya farfaɗo bayan kwana shida. Sufeto ya tambaye shi wa ya kulle ƙofa, tsohon ya juya fuskarsa bango ya yi kamar bai ji ba. Likita ya ce zai rayu, amma shi da matakala har abada. Na je duba shi sau ɗaya. Na zauna a gefen gadonsa har aka kori masu dubiya. Da zan tafi ya laluba ƙarƙashin matashi ya ba ni ɓarin goro.

Sati biyu bayan haka na kira Obinna na ce ya same ni a benen da sifana. Ya zo, ya rame, ba ya wasan da ya saba. Muka kwance faifai biyu daga jerin muka mayar da su gefen tanki, muka bar hanya mai faɗin mutum ɗaya daga ƙofa zuwa turmi. Na duba agogo, minti arba'in aikin ya ci.

“Wa zai bi ta yanzu?” in ji Obinna.

“Ban sani ba. Ɗaure notin ka yi shiru.”

Ya ɗaure. Ya ce Monica ta ce in zo cin abinci ranar Lahadi, na ce zan duba. Ya tattara kayansa, ya ƙirga filayarsa sau biyu, ya sauka.

Na tsaya in ƙara haska jerin. Wani ƙarfe ya ɗan karkace, sai na ɗauki sifana na bubbuge shi ya zauna. Ban ma san sau nawa na buga ba. Ban ajiye sifanar ba na ji gudu a matakala. Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, ga Falmata ba mayafi, ga wani ɗan haya da lawashi a hannu, can baya kuma Philomena ta dafe bango tana numfashi da ƙyar.

“Mun ji bugu,” in ji Falmata.

“Ni ne. Aiki nake.”

“To, sannu. Mun ce dai mu duba.”

Suka koma. Na je na zauna a kan turmin, jakata a kan cinya. Layin dogo yana nan yana ƙyalli, babu jirgi. Na tuna ɗakina a Kwaciri, ƙasa ne, ba kowa a sama ba kowa a ƙasa, maƙwabcina na dama ma ban san sunansa ba. In na faɗi a can na yi ta bugu, ko wanda zai ƙara wa rediyo murya babu.

Na ciro waya na nemo lambar 'yata. Ba salla ba ce, na san za ta tsorata. Ta yi ƙara har ta katse ba a ɗauka ba. Na goge zufar da ta ɗiga a kan gilashin wayar, na sake kira.